Baffa Eino, Wanda Ya Ƙi Mutuwa a Ɗakinmu

Mai karatu, ga gargaɗi biyu kafin ka ci gaba. Na farko, kada ka karanta takardar nan da ƙarfi a inda mahaifina zai ji, domin akwai sunan mamaci a cikinta, shi kuwa ba ya kama sunan wanda ya tafi. Na biyu, idan kana cikin masu tsayawa a bakin kanti ko ƙofar coci suna cewa gidan Deschenie sun kori baƙo mara lafiya waje ya mutu cikin sanyi, to ka karanta har ƙarshe kafin ka sake buɗe baki. Ba a kore shi ba. Amma akwai laifi a maganar, kuma a kaina yake, ba a kan tsohon nan ba.

A ranar Alhamis, goma sha bakwai ga watan Oktoba, 1991, da hantsi, Allah ya yi wa Eino Kettunen rasuwa a nan gidanmu da ke gindin dutsen Lukachukai, yana da shekara sittin da tara. Mutumin Hancock ne ta jihar Michigan, iyayensa daga Finland suka zo, sana'arsa saran itace. Ya bar 'ya ɗaya, Aili, da jikoki uku. Ya kuma bar mahaifina, Wilson Deschenie, wanda suka yi yaƙin Japan tare a rundunar Marin, sojojin nan da jiragen ruwa ke zubarwa a gaɓa. Mutanen Eino suna rubuta sunan mamaci a kan dutse don a riƙa karantawa, shi ya sa na ga babu laifi in rubuta nasa a takarda.

Baffa, yau kwana goma sha ɗaya, na kasa zama wuri guda. Na wanke barguna da ba su yi datti ba. Na share garken tumaki, na koma na sake sharewa. Takardar nan ma sau uku ina fara ta ina yagawa. Abin da ya hana ni sakat tambaya ce guda. Ranar da Aili ta zo garin Gallup ɗaukar gawarka, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya Lorena, shi kaɗai ne a wurin?" Na ce mata, "Baba na tare da shi." Ta yi ajiyar zuciya, ta gode mini. Abin da na faɗa gaskiya ne, amma rabi ne. Ni kuwa na sha hukunta 'ya'yana a kan irin wannan rabin gaskiyar. Saboda haka takardar nan za ta je Michigan, ko da kuwa ita ce za ta yanke zumuncin shekara arba'in da bakwai tsakanin gidajen nan biyu.

Ba daga bakin Baba na ji labarin yaƙi ba. Bai taɓa ba mu ko jimla ɗaya ba, kuma dama shekaru da yawa an hana su faɗin aikin da suka yi, na aika saƙon soja ta rediyo da harshenmu na Navajo. Kai ne ka gaya mini, kana faskare ina jera itace.

Ka ce a tsibirin Saipan ne, bayan an yi kwana uku ana ɓarin wuta. Gawarwaki sun cika wuri, ga zafi, ga ƙuda. Saje ya ce kowa ya ajiye abin da yake yi, a ja su zuwa rami. Baba ya tsaya ƙyam. Mutumin da ake ruwan bama-bamai yana magana a rediyo muryarsa ba ta ko rawa, sai ga shi ya kasa matsawa kusa da gawa. Saje ya zage shi, ya ce matsoraci. Kai kuma, da kuka yi kwanaki a rami ɗaya ba ku yi magana goma ba, ka matso ka ce, "Me ya same ka?"

Ya ce, "Mu ba ma taɓa su."

"Ko naku?"

"Ko namu. Balle na wasu."

"To, ka iya haƙa?"

"Na iya."

"Kai haƙa. Ni zan ɗauko."

Daga ranar har aka gama yaƙin haka kuka raba aikin. Duk inda aka sauke ku, Baba ke haƙa ramin fakewa na mutum biyu, duk inda aka ce a ɗauki gawa kuma, kai ke ɗaukar kason mutum biyu. Ka ce mini kai ne ka ci riba, wai ubana ya fi gafiya iya haƙa. Na san ba riba ba ce. Na san har ka tsufa ba ka iya tsayawa kusa in ana fiɗar tunkiya. Kuma in ka dawo daga ɗaukar, Baba ba ya karɓar abinci daga hannunka sai ka wanke, ka goga toka. Kana wankewa, kana gogawa, ba ka taɓa cewa don me ba.

Na taɓa tambayarka, lokacin ina ganin na yi sakandare na san komai, ko ka yarda cewa mugun abin da mamaci ya bari yana bin mai rai. Ka ci gaba da wasa gatarinka ka ce, "Ban sani ba, 'yata. Shi dai abin na hana shi barci. Ni kuwa wanke hannu ba ya rage ni da komai." Ina so yaran yanzu su ji wannan, musamman waɗanda ke yin wata uku a makarantar birni su dawo suna yi wa kakanninsu dariya. Nawa ma suna ciki, kuma sun san da su nake.

Ina da shekara tara ka zo mana a watan Oktoba, sai kakata ta wajen uwa ta faɗi a cikin ɗaki tana kaɗi, rai ya yi halinsa kafin a fitar da ita. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Aka fasa bango ta arewa aka fitar da ita ta nan, aka toshe ƙofa, aka bar ɗakin da duk abin da ke ciki, har tukwane, har bargon da take saƙawa. Babu wanda zai iya binne ta. Kai ka naɗe ta, ka ɗauke ta a kafaɗa, ka ɗauki shebur ka nufi bakin kwari kai kaɗai. Mu kuma muka koma rumfar ganye, ga sanyi ya sauko da wuri. Ƙanena Leland ya kamu da tarin da har yau bai rabu da shi ba. Ka aika wa wurin aikinka cewa ba za ka dawo da wuri ba, ka hau dutse da Baba kuka saro gungume, mako biyar kuna ɗorawa Inna na yaɓe da laka. Ɗakin gargajiyar da muke kira hogan, wanda Baba ke kwana a ciki yau, shi ne wannan. Ka san abin da mutuwa a cikin ɗaki ke ci wa gida, domin da idonka ka gani, da hannunka kuma ka biya.

Tun daga nan, in ka samu hali, Oktoba a nan take same ka. Kwana uku kana tuƙa tsohuwar a-kori-kurarka, ka iso da zarto da gatari da ƙyafaffen kifin da babu mai iya ci sai kai da karnuka. Gaisuwarku da Baba ba ta taɓa canzawa ba.

"Jan Kunne, har yanzu ba ka nuna ba? Shekara arba'in rana na gasa ka."

"Makiyayi, wannan kofi ne ko safarka ka wanke a ciki?"

Shi ke nan. Sai ku zauna a gindin bango tun azahar har tumaki su dawo, babu mai cewa uffan. Inna ta ce ba ta taɓa ganin Baturen da ya iya shiru ba sai kai. In kun shiga ɗakin sirace kuma, ka fito kana cewa wannan ai ɗumi ne na jarirai, a garinku sai fata ta yi ja. Baba ya ce ai dole ku dafa kanku tunda an halicce ku ɗanye.

Ba zan ce ba ka da aibu ba, don ba na yi wa mamaci ƙarya. Kana tauna taba kana tofarwa a bakin ƙofata. Ka lalata mini haƙoran yara da alewa. Coci kuwa sai dai ka kai ni ka jira a mota. Mafi muni, kana da taurin kai a kan likita. Bana ka iso fuskarka kamar toka. Na ce mu je asibitin Chinle a duba ka, ka ce gajiyar hanya ce. Washegari na ga kana ajiye gatari bayan sara biyu kana dafa ƙirji. Na sake magana, ka ce, "Ke da kin shiga soja, da yanzu ke janar ce." Na yi fushi na ƙyale ka. Wannan ma na lissafa shi cikin laifina.

Yanzu ga abin da ya faru ranar Alhamis, Aili, ki karanta da kyau.

Tun rasuwar Inna ni ke zuwa ɗakin Baba in yi musu karin kumallo, gidana na bulo taku talatin ne daga nan. Rana ta fito, Baba ya sha kofi ya kora tumaki. Mijina ya tafi aiki, yara suna makaranta. Daga ni sai mahaifinki. Ina suyar gurasa a kan murhu, sai na ga ya tashi zaune a hankali, gumi na zuba masa duk da sanyin nan. Ya naɗe shimfiɗarsa. Ya ɗauki jakarsa, ya zuba reza da tabarau da kwalbar taba, ya cire rigarsa daga ƙusa. Har kofin da yake shan kofi da shi ya ɗauka. Ya fita ya kai mota, ya dawo yana bin bango, ya duba ko'ina ko ya bar wani abu, ya ɗauki takalmansa na aiki.

Na ce, "Baffa, ina zuwa?"

Ya ce, "Iska zan sha."

"Da jaka ake shan iska?"

Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi. Na dube shi. A nan na gane, kuma ya san na gane. Ba ya so ya bar ko tsinke nasa a ɗakin da zai sa Baba ya ƙyamaci wurin.

Na ce, "Zauna nan, bari in je in kira asibiti."

Ya ce, "Gurasarki za ta ƙone, 'yata."

Ya fita. Ni kuma na juya wajen gurasar.

Wannan ita ce maganar. Na juya wajen gurasar. Akwai curi huɗu da suka rage a kwano, na miƙar da su ɗaya bayan ɗaya, na soya su duka, na kwashe, na rufe da tsumma. Ta ƙofa ina hangen bayansa yana tafiya yana tsayawa, ya wuce garke, ya nufi tsohuwar bishiyar da ke arewa, ya zauna ya jingina. Kuma abin da ya zo mini a rai a lokacin, ba zan ɓoye shi ba tunda Allah ya riga ya sani: ɗakin ya tsira. Na tuna cewa a nan za a yi wa autata Verna bikin balaga in lokacinta ya zo, kamar yadda aka yi wa yayyenta. Na tuna rumfar ganye da tarin Leland. Na ji sanyi a raina, mutum na can yana mutuwa.

Da na gama na ɗauki makulli na tuƙa zuwa kanti, mil bakwai, inda waya take. Ban ko tsaya wajen bishiyar ba, na ce wa kaina sauri nake yi. Likita ya ce daga baya ko da a ƙofar asibiti abin ya same shi, da wuya a ceto shi. Mutane suna gaya mini wannan don in huta. Ban huta ba, domin ba maganar ceto nake yi ba. A duk gidan nan ni kaɗai ce ba na gudun taɓa mai mutuwa. Tun a makarantar kwana na shiga coci, kuma ni na riƙe hannun Inna a asibiti har ya yi sanyi. Mutum ɗaya ne zai iya riƙe hannun mahaifinki ran nan, ita kuwa ta zaɓi gurasa, sannan ta zaɓi mota.

Da na dawo, na tarar da Baba zaune a ƙasa, hularsa a gwiwa, taku goma tsakaninsa da kai, Baffa. Tumaki sun watse cikin gonar maƙwabta, bai ko kalle su ba. Ka riga ka tafi. Bai yi magana ba sai bayan kwana huɗun shiru da muke yi in an yi mutuwa. A rana ta biyar ina zuba masa romo ya fara, ba tare da ya kama sunanka ba, idonsa na kan kwano.

Ya ce daga kan tudu ya hango wani zaune a gindin bishiyar, inda babu mai zama, sai ya bar tumaki ya sauko. Yana matsowa ka ɗaga hannu.

"Tsaya nan, Makiyayi. Kada ka ƙara taku."

"Yaushe ka zama saje?"

"Yau. Zauna."

Ya zauna. Ka ce masa itacen bai isa ba, saura lodi biyu kafin ƙanƙara ta rufe hanyar dutse. Ya ce zai sa surukinsa. Ka ce, "Wannan? Ai bai san ta ina gatari ke ci ba." Kuka yi dariya, dariyar ta sa ka tari. Sai ka ce ya yi maka waƙar nan da yake yi a rami in gari zai waye, wadda ka ji fiye da sau ɗari ba ka san ma'anar kalma ɗaya ba. Ya fara.

Baba ya ce, "Sau biyu na miƙe zan je wurinsa, sau biyu ya ɗaga hannu. Na uku bai ɗaga ba. Ni kuma ƙafata ta ƙi."

Ya ture kwanon. Tun ranar bai ci abin kirki ba. Kullum da safe yana kora tumaki ta kudu don kada ya bi ta bishiyar, kuma motarka na nan inda ka bar ta, da jakarka a kujera, babu mai zuwa kusa sai ni.

Yanzu bari in yi magana da mutanen unguwa, kashi biyu. Ku matan coci da kuke cewa duhun kai ne ya kashe bawan Allah, ku ji tsoron Allah. Wadda duhun ya rufe ran nan 'yar'uwarku ce, mai zama a benci na biyu, mai karanta muku Littafi ranar Laraba. Tsohon da kuke zagi shi ne ya zauna da mamacin har ƙarshe. Ku kuma dattawa da kuke zuwa kuna cewa Baturen nan ya yi hankali, ya san ladabi, ya mutu yadda ya kamata, na ji, kuma gaskiya ne ya yi hankali. Amma kada ku riƙa faɗa kamar an sayar da tunkiya da daraja. Mutumin da ya ɗauki gawarwakin da ba nasa ba tun yana saurayi, ya binne mana kaka, shi ne ya rasa mai riƙe masa hannu a gidan da ya gina. Wannan ba abin yabon kai ba ne.

Aili, ƙanwata, ga amsar tambayarki cikakkiya. Ba shi kaɗai ba ne, amininsa na wurin, yana jin muryarsa har ya cika. Amma babu wanda ya taɓa shi, kuma ni ce sanadi. Ba na roƙon ki ce ba komai, don akwai komai. In kin ga ba za ki iya sake amsa wasiƙata ba, na fahimta. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki daina aiko wa Baba katin Kirsimeti. Yana jera su a jikin gungumen da mahaifinki ya saro, kuma shi bai yi miki laifi ba.

Baffa, Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya yafe maka kurakuranka. Allah ya karɓe ka da hannu biyu, ya ba ka hutun da ba ka samu ba tun Saipan. Ya sa duk wanda ka ɗauka a kafaɗarka ya zame maka shaida. Ina miƙa ta'aziyyata ga Aili da mijinta da 'ya'yansu uku, da dangin Kettunen na Hancock baki ɗaya, da sauran tsofaffin rundunarku da suka rage. Ina kuma miƙa ta ga mahaifina, ko da yake ba zai karanta ba. Allah ya ba mu haƙuri, ni kuma ya yafe mini.

Jiya Lahadi bayan mun dawo daga coci na tara kowa a kan tebur, mijina da 'ya'yana huɗu, na kuma je na kamo hannun Baba na kawo shi. Na ce musu ɗakin Baba nasa ne, dokarsa ce a can, ba zan sa baki ba. Amma gidan nan na bulo nawa ne. Ɗakin baya, na kusa da murhu, na kwashe kayan da ke ciki na sa gado. Duk wanda ciwo ya kayar, ɗan gida ko baƙo, nan za a kwantar da shi, in ajali ya same shi a nan ya same shi, babu bangon da za a fasa, kuma a gidan zan ci gaba da kwana. Mijina ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe.

Baba ya ce, "Gidanki ne. Amma ni in tawa ta zo, waje nake so."

Na ce, "To, Baba. Waje za ka je. Amma zan biyo ka, kuma ko ka ɗaga hannu ba zan tsaya ba."

Ya jawo kwanon romo gabansa.

Dokar ke nan, kuma na sa kowannensu ya maimaita ta da bakinsa, har Verna. A gidan nan, in mara lafiya ya tashi ya fita, ana ajiye abin da ke hannu, ko mene ne, ko yana kan wuta, a bi shi. Wanda zai je kiran asibiti ya je, amma sai bayan an bar wani a wurin. Wanda ba ya iya taɓawa ya zauna inda za a ji muryarsa. Wanda ke iyawa ya riƙe hannu, kuma ba ya saki sai an zo.